Uku da Ɗaya Ba Ta Yin Takobi

Daren Laraba, watan Rajab

Shekara arba'in ina liƙe jabana ta dafa gahawa da butoci da kuza a rumfata cikin suƙ, babbar kasuwar Gadarif, ba ɗana ko ɗaya da ya taɓa riƙe mini zugazugi. Wai sana'ar hayaƙi ce. Idona kuwa kullum ƙara mutuwa yake.

Yau na tarar da ɗana Usman, ƙato mai 'ya'ya biyu, a gaban kwamfuta yana wasan gina birni. Wai yana haƙo kuza, ya narka da jan ƙarfe, ya ƙera takubban tagulla na yaƙar aljanu. Nan da nan na matso na zauna.

Na ce nawa kake zubawa? Ya ce jan ƙarfe uku, kuza ɗaya.

Na ce wallahi wannan haɗin ƙararrawa ne, sara ɗaya ta tarwatse. Tara da ɗaya ake yi.

Ko juyowa bai yi ba. "Ya Abui, kalas, ya isa haka, wasa ne."

Barci ya ƙi. Ashe yana son aikin, ni ne ba ya so ya koya wurina?

Gobe zan narka ukunsa da ɗayansa, in fasa a gabansa. Sai ya dubi idona ya ba ni amsa: zai karɓi rumfar nan, ko in rufe ta?