Na Takwas a Jeri

Litinin

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya sanyin tudu, ya wahalar horo? Tunda Koci ya karɓe muku wayoyi a sansani, na ba direban ƙungiya takardar nan ya sa a hannunka. Gara ka ji daga gare ni da ka gani a allo.

Ka san mutum bakwai za a kai babban tseren kwana takwas, ku kuwa goma ne. Koci ya ce in jera ku, aikina ne, ba yadda zan yi. Na ɗauko duk abin da na'urorin kekunanku suka naɗa a shekara biyu, na ba kowa maki a hawan tudu, gangara, juriya da gudun ƙarshe. Yaya, kai ne na takwas.

Sau uku ina sake lissafin. Na tashi na zagaya ofis, na buɗe taga, na rufe, na dawo, lambar tana nan. Hawan tudunka ne ya faɗi, daga saba'in da tara zuwa sittin da shida. Sai mako mai zuwa zan miƙa jerin. Inna tana gaishe ka, ban gaya mata komai ba.

Ƙanwarka,
Auta

Laraba

Malama Auta, sarauniyar lissafi,

Na amsa gaisuwa. Wato ni da na riƙe miki sirdi a bayan shagon Baba kina kuka kar in saki, yau ke ce mai ba ni maki. Duniya juyi-juyi.

Shekara goma sha ɗaya ina tsere, ba a taɓa ɗauka ta don in ci ba. Ni ne mai tare wa Kyaftin iska. Ina gaba, yana bayana kamar ɗa a goye, har kilomita ɗari da hamsin. In ya ji ƙishi in koma mota in cika rigata da gorunan ruwa, in sake kamo 'yan tseren. Bara da tayarsa ta fashe, tawa na cire na ba shi, na tsaya a gefen titi kamar mai jiran bas. Na shigo na casa'in da biyu, shi ya zo na biyu. A wane gida na takardarki kika rubuta wannan?

Tun jiya ba na iya zama. Na wanke kekena sau biyu, har makaniki ya ce in bar masa aikinsa. Ki koma ki tambayi kwamfutarki ko ta san iska.

Ki gaida Inna.
Yayanki

Juma'a

Yaya,

Gaisuwa da ban haƙuri. Gaskiyarka ce. Ina auna kowa shi kaɗai, alhali ba shi kaɗai yake gudu ba. Na duba tsere arba'in da ɗaya. Ashirin da shida da kuka yi tare, Kyaftin ya shiga biyar ɗin farko sau goma sha bakwai. Goma sha biyar da ba ka nan, sau uku kacal. Da na sa wannan a lissafi ka hau na biyar. Har na miƙe zan buga wa Koci.

Sai na ce bari in ga abin da ya kayar da hawan tudunka. Na buɗe bayanan ɗamarar ƙirjin da ke auna bugun zuciyarka. Sau huɗu a wata uku, kana tsakiyar hawa, bugun ya yi tsalle daga ɗari da sittin zuwa ɗari biyu da talatin, ƙarfin ƙafarka ya zube, keken ya tsaya minti biyu. Daga nan kuma, duk ranar da za a hau tudu babu bayanan zuciya gaba ɗaya. Ranaku tara. Na ranakun shimfiɗaɗɗen titi suna nan ras.

Ba ni da ilimin likita, amma na san lambar da ba ta da gaskiya. Mene ne wannan? Don Allah ka ba direba amsa kafin ya juyo.

Taka,
Auta

Lahadi

Auta,

Na rubuta miki cewa ɗamarar ce ta lalace, na yaga takardar. Ba a ɓoye wa mai wankan gawa ciki.

Kamar tsuntsu ne ya faɗa ƙirjina yana fuffuka. Gefen idona ya yi duhu, hannuna ya saki. Sai in sauka in durƙusa kamar ina gyara sarƙa har ya wuce. Koci ya taɓa tsayar da mota ya ce, “Dogo, lafiya?” Na ce, “Sarƙa ce, ku wuce.” Daga ranar nake barin ɗamarar a ɗaki.

Ga roƙona, kuma ban taɓa roƙonki komai ba. Ki miƙa sabon jerin, ki riƙe shafin bayanan zuciyar. Ba ƙarya na ce ki yi ba, shiru kawai. Kwantiragina bana zai ƙare, shekarata talatin da biyar, ba wanda zai sake kirana. Kwana takwas ne. In na sauka, da ƙafata zan je asibiti, ki raka ni in kina so. Ban iya komai ba sai keke, Auta. Ki bar ni in sauka a layin ƙarshe, ba a gefen titi ba.

Yayanki

Talata

Yaya,

Ina gaishe ka, ko da ba za ka amsa ba.

Jiya na buga shafukan biyu. Na sa na zuciyar a aljihun tebur na kulle, na kai bakin ƙofa, na dawo na buɗe. Haka na yi ta yi har mai shara ta tambaye ni ko wani abu na ɓatar. Abin da ya tsaya min shi ne rana ta biyar: gangara mai kwana goma sha ɗaya, kuna gudun kilomita tamanin a awa, mutum ɗari a bayanka taya na shafar taya. In idonka ya yi duhu a can, ba kai kaɗai za a ɗauka ba.

Na kai wa Koci duka biyun da ya leƙo ofis. Ya karanta na farko ya ce, “To ai shi ke nan, Dogo ya shiga.” Na ce, “Ranka ya daɗe, akwai na biyu.” Ya daɗe a kansa, sannan ya ce, “In babu shi, ina Kyaftin zai ƙare?” Na ce na tara. Ya ce, “Da shi fa?” Na ce na uku. Ya cire tabarau ya murza ido, ya ɗauki waya ya kira likitan ƙungiya. Gobe zai iso sansani.

Zan iya hasashen wanda zai ci tsere. Ranar da zuciyarka za ta ƙi komawa daidai, ban san lissafinta ba. Ka yi fushi, na ɗauka.

Ƙanwarka,
Auta

Alhamis

Yaya,

Mako biyu ke nan. Sau uku direba yana dawowa hannu rabbana. Likita ya ce ba zai gaya min komai ba sai da izininka. Jiya an gama tseren, ban iya kallon rabin ranakun ba. Ka rubuto min, ko layi ɗaya ne.

Auta

Asabar

Auta,

Na ga takardunki. Babu ni ɗin ma, Kyaftin na shida ya zo, ba na tara ba, ki gyara lissafinki.

Likitoci sun gano abin. Wata jijiya ce a zuciyar, sun ce za su ƙona ta, kuma wai na yi sa'a. Ban huce ba, kar ki ɗauka na huce. Amma ranar Laraba ƙarfe tara na safe za a shiga da ni aiki a asibiti, hawa na uku, ɗaki na ƙarshe. Sun ce a rubuta sunan wanda za a kira in an fito, na rubuta naki.

Inna kuma ki bar min, ni zan gaya mata.

Yayanki