Kwanon Baba a Ciyayya

Kalgo, Talata

Yaya Abdulgani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali. Baba ya faɗi jiya a bakin rijiya bayan la'asar. An kai shi asibiti, sun ce sukarinsa ne ya yi ƙasa sosai. Ya farfaɗo, mun dawo gida. Na aiko da wannan ta hannun direba ne tunda ka daina ɗaukar wayata.

Tun ranar da ka zo ka hana a fitar da kwanonsa wurin ciyayya, ka ce ya riƙa ci shi kaɗai a ɗaki, Baba bai ƙara cin abincin kirki ba. Sai ya haɗiye maganin sukari, ya ture tuwon alkamar gefe. Likita ya ce wannan maganin ba a shan sa a zauna da yunwa.

Na karanta takardar da ka manna mana a bango. An zana faranti an raba shi uku: kabeji, kaza, da wani burodi da ban taɓa gani a kasuwar Kalgo ba. Yaushe Baba ya taɓa cin abinci a faranti? Tun ba a haife mu ba, da an sallame magariba kowane magidanci na layinmu ke fito da kwanon gidansa, su zauna a tabarmar ƙofar Liman, kowa ya sa hannu a na kowa. Ka kuma san abin da ake ɗauka in mutum ya janye nasa: ko gaba, ko babu. Inna Larai matar Liman ta tare ni a hanya ta ce, "Sadiya, hatsi ne ya ƙare muku, ko malam ne ya yi wa babanku laifi?"

Kana Gwandu kana ba da umarni. Ni ce nake ɗauke kwano a cike.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka,
Halima Sadiya

Gwandu, Alhamis

Sadiya,

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi. Na yi magana da likitan ta waya. Taki kuwa ban ɗauka ba ne saboda ihu kike yi, ba magana ba.

Kin lissafa abin da ke farantin takarda, kin tsallake abin da ke kan tabarma. Tuwon shinkafar gidan Liman, tuwon masarar gidan Malam Aminu tela, ga furar da aka zuba wa sukari har ludayi na danƙo. Baba ba shi da ikon tsallake kwanon kowa. In ya ci na wannan ya bar na wancan, ya yi laifi. Abincin gida biyar yake ci a zama ɗaya, ke kina kiran sa zumunci.

Ni na riƙe Kawu Muzzammil ranar da aka yanke masa ƙafa. Shi ma a wannan tabarmar yake zama. Waɗanda suka ciyar da shi sun zo dubiya da rake.

Ba ni na zana farantin ba, amma shi asibiti ya ba ni, ba ni da wani. Tunda abin ya gagare ki, na gyara ɗakin da ke kusa da nawa. Ƙarshen wata zan zo in ɗauko Baba, ya zauna a nan inda ba mai turo masa kwano.

Ki gaishe shi.
Yayanka,
Abdulgani

Kalgo, Lahadi

Yaya,

Salamu alaikum, ya gida? Wasiƙarka ta iske ciyayyar a zaurenmu.

Da labarin faɗuwarsa ya bazu, Liman ya naɗe tabarmarsa ya shigo, sauran na biye da kwanoninsu. Ya ce, "Bawa, tunda kwanonka ya ƙi fitowa, mu mun shigo." Kai da kanka ka san ba zan kori dattawa daga zauren ubana ba. Baba ya ci na kowa, ya yi dariyar da rabona da jin irinta tun kafin zuwanka. Da safe na gwada sukarinsa, ya hau sama ƙwarai. A nan gaskiyarka ce, ba zan ɓoye ba.

Sai na je wurin Malama Rut, 'yar Zuru da ke koya wa masu ciwon sukari yadda za su ci abinci. Ta fara tambayata me kowane gida ke dafawa, kuma su wa Baba ke ci da su. Ta ce duk tuwon da zai ci, in an haɗa, kar ya wuce dunƙulen hannunsa. Ya fara da ganye da wake ko kifi, tuwo ya zo daga baya. Fura kuma nono ya fi yawa, ba sukari. Ta mayar da ni wurin likita ya sake duba yawan maganin.

Saura maganar laifi, wannan kuma ba ta asibiti ba ce. Na durƙusa gaban Liman na faɗa masa komai, har ƙafar Kawu. Sai ya yanke a gaban sauran dattawan: loma ɗaya ta sauke haƙƙin kwano.

Yanzu kwanonmu kwaɗon zogale ne da ƙuli-ƙuli, wata rana wake da alayyafo. Malam Aminu ya ce, "Bawa, ka mayar da mu awaki," amma shi ke suɗe kwanon. Inna Larai ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata saboda na ce ta cire sukari a fura.

In ɗaukarsa za ka yi, kar ka zo da hantsi lokacin da layi ba kowa. Ka zo da magariba, ka faɗa a gabansu.

Na bar ka lafiya.
Halima Sadiya

Gwandu, Laraba

Sadiya,

Ina amsa gaisuwa. Loma ɗaya, in ji Liman. Wa ke ƙirgawa? Ke kina cikin gida, su suna zaure, labari kawai ake kawo miki.

Ban yarda da labari ba. Akwai gwajin jini da ke nuna yadda sukari ya kasance cikin wata uku. An yi masa shi kafin in kawo takardar. In lokaci ya cika a sake. In ya sauka, Baba ya zauna, kuma da hannuna zan ɓalle takardar daga bango. In bai sauka ba, zan zo da magariba kamar yadda kika ce, kuma ba zan dawo ni kaɗai ba.

Wassalam.
Abdulgani

Kalgo, bayan girbin shinkafa

Zuwa ga mutumin Gwandu,

Gaisuwa da fatan alheri. A shafa mini kan jikokina.

An karanta mini takardunku duka, na ji yadda kuke rabona kamar gado. Kac ce wa ke ƙirgawa. Aminu tela ne. Da ƙarfi yake yi, in na miƙa hannu na biyu ya buge shi a gaban jama'a. Mutumin da na goya yana yaro. Yanzu Liman ma ya ce a auna nashi jinin.

Ɗakin da kag gyara, Allah ya yi albarka. Amma ka sani, wanga layi anka haife ni, kuma ban iya cin abinci ina kallon bango.

Allah ya shirya ku.
Mahaifinku

Yaya, yadda ya faɗa haka na rubuta. Jiya aka ɗebi jinin, an tafi da shi Birnin Kebbi. Takardarka tana nan a bango. Sakamakon bai iso ba tukuna.