Barcin da Papi Bai Yi Ba

Cárdenas, ƙasar Kyuba

Zuwa ga ƙanena Yoandry,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Marisel da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sassauta muku sanyin Sifen. Mu nan muna nan yadda rasuwar Mami ta bar mu. Karayar hannun Papi ta kama ɗori, amma abinci sai na yi masa faɗa yake taɓawa.

Yoandry, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. An gaya maka gyangyaɗi ne ya ɗauki Papi a hanyar Matanzas har motarsa Perla ta faɗa rami da shi da Mami. Ba haka aka yi ba. Kai ma ka san mutumin nan, tun da ya gaji motar daga Kaka bai taɓa ko hamma a kan sitiyari ba. Maƙwabcinmu Raudel da ya janyo motar shi ya nuna mini: ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba ne ya ɓalle, cikin sababbin kayan ƙafar motar da ka aiko. Ya ce an yi su ne don tsofaffin motocin da Turawa ke gogewa su fita da su ranar Lahadi. Perla kuwa injin babbar mota mai nauyi ke cikinta shekara da shekaru, ga ramukan titinmu. Ashe kyan ɗan maciji gare su.

Ba ina ɗora maka laifi ba ne, wallahi. Na ga ranar da kwalin ya iso. Papi ya bi layi gida-gida yana nuna su, yana cewa ɗansa ya sayo wa tsohuwa sababbin gwiwoyi. Mami har tsokanarsa ta yi, wai ita da ke fama da ciwon gwiwa ba wanda ya tuna da ita, sai kishiyarta ta ƙarfe. Idan na tuna dariyar nan zuciyata kamar ta tsage.

A asibiti Papi ya sa Raudel ya rantse zai ɓoye ƙarfen. Ya ce gara gari ya kira shi tsohon da ya kashe matarsa da barci, da yaronsa ya ɗauki wannan kaya shi kaɗai a ƙasar mutane. 'Yan'uwan Mami sun daina gaishe shi.

Da na yi shiru ni ma, sai dai kwali biyu ka aiko. Kayan na biyun suna ɗaure a ƙarƙashin motar Dariel ɗan Kawu Evelio, wadda kullum take cike da fasinja, da 'yan makaranta a ciki. Na roƙe shi ya cire, ya ce me mace ta sani a kan kayan Turai. Maganarka kaɗai yake ji. Don Allah ka kira shi ranar da ka karanta wannan.

Idan kuma ka kira Papi, kada ka nuna ka sani. Ka tambaye shi hannu, ka tambaye shi kaji. Ka bar masa barcinsa, shi kaɗai ya rage masa da zai ba ka.

Ka gaishe mini da Marisel, da Yuniel, da ƙaramar Migdalia mai sunan Mami. Goggo Noemí tana gaishe ku.

Yayarka da ke kewarka,
Odalys