Tocila Mai Filasta

Yayata,

Assalamu alaikum. Ya aikin asibiti, ya yara? Ni dai jikina ne kawai ke lafiya.

Kin tuna tocilar da na saya wa maigidana? Doguwar nan mai ruwan zinariya, mai cin batir uku, wadda na naɗe cikin ƙyalle na ajiye masa a kan filo. Na ce mai gyaran firij kullum kansa na cikin lungu, bari duk sanda ya haska ya tuna da ni. To jiya a ƙasan durowa na tsince ta, cikin tsofaffin safa. Da na zo wanki kuma, me zan ciro daga aljihun wandonsa? Wata 'yar baƙar tocila mai batir ɗaya, ko yatsana ba ta fi ba. Mummuna da ita. Amma an naɗe gindinta da farin filasta, naɗi tsaf-tsaf. Mutumin da ko igiyar takalmi ba ya ɗaurewa daidai! Wannan hannun mace ne, ko a gaban alƙali zan faɗa.

Na tambaye shi, ya ce wai ba shi aka yi, ya ci gaba da kurɓar shayinsa. A duk littattafan da na karanta, daga irin wannan ake farawa. Ina zargin matar nan mai shagon lemo, wadda firij ɗinta ba ya gajiya da lalacewa. Ki ba ni shawara kafin zuciyata ta fashe.

Taki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Zuciyarki ba inda za ta fashe, na sha ganin masu ciwon zuciya, ba haka suke ba.

Ki ƙyale matar mutane, ta kusa haihuwarki. Tocilarki kyakkyawa ce, amma ta maigadi ce, ba ta aljihu ba. Mutumin da ke durƙuso yana miƙewa yini guda ƙarama yake so, marar nauyi, mai batir ɗaya irin wanda ake samu a kowane shago. Makunninta ya kasance a gindi, kada ta kunna kanta a aljihu. Kuma hannuwansa biyu suna aiki, da haƙori yake riƙe ta, shi ya sa filastan.

Ki ɗan ajiye littattafan nan ki sha iska.

Yayarki

*

Yaya,

Salamu alaikum.

Na karanta takardarki har na kusa haddace ta. Tambaya ɗaya gare ni. A ina kika san da haƙori yake riƙewa? Ni da nake wanke masa kaya ban sani ba. Na koma na duba, ga shatin haƙoransa kuwa a jikin filastan. Na kai hancina, sai ƙanshin nan na jakarki ta aiki ya buge ni. Tun ina ƙarama na san naɗinki, ke kike ɗaure mini gwiwa in na faɗi.

Da mai lemo ce, na riga na shirya maganar da zan gaya mata, har na gwada a gaban madubi. Amma ke? Ba na zarginki da wani mugun abu, Allah ya sani. Abin da ke cin raina shi ne, tun muna gida komai ke kike fara sani. Girki ke, ɗinki ke. Mijin nan kaɗai ne nake ganin nawa ne ni ɗaya, ashe shi ma kin riga ni sanin aljihunsa. Kuma kuka haɗa baki kuka bar ni ina sambatu.

Ba sai kin zo ranar hutunki ba, ba na jin daɗi.

Ƙanwarki

*

Autar Mama,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki, ko kina fushi.

Ni ce. Ranar da ya zo gyara mana firij, ya kwanta a bayansa, ya ciro zinariyarki ya cusa a baki, don da ita yake ta fama tun da kika ba shi. Nauyinta ya rinjaye shi, ta zame, ta ɓalle masa gefen haƙori. Ba tsakuwar shinkafar mai abinci ba ce kamar yadda ya gaya miki. Ina goge masa jini yana roƙona, "Yaya, don Allah kada ta ji, da murna ta saya." Sai na ba shi wadda nake duba maƙogwaron marasa lafiya da ita, na naɗa mata filasta.

Ban fi ki sanin mijinki ba. Tsayawa kawai na yi ina kallo yana aiki. Ke kin taɓa?

Zan zo ranar hutun, ki kore ni da bakinki.

Yayarki

*

Yaya,

Assalamu alaikum.

Na bi shi shago na zauna a kan wata matacciyar firiza har la'asar, ban buɗe littafi ba. Washegari na je wajen mai kayan lantarki, na sa ya zube mini ƙananan duka, ina ɗauka ɗaya bayan ɗaya ina gwadawa da haƙorana. Ya ce, "Hajiya, ba a ci fa." Na zaɓi wadda ta fi sauƙi. Naɗina ya karkace, amma tana aljihunsa.

Ga taki nan a cikin ambulan. Ki zo, na yi miki ajiyar nama. In firij ɗinku ya sake lalacewa kuma, tare za mu zo, ni zan riƙe masa haske.

Taki,
Auta