Gaisuwar Mai Sauka Daga Kujera

Assalamu alaikum, Alhaji.

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Muna nan garin Bowie na Amurka yadda ka bar mu, sai gajiya, ita ce dai ba ta bar ni ba.

Autarka Nusaiba ta jawo mini magana. Ka tuna sherif ɗinmu, dattijon nan shugaban jami'an tsaron yankinmu, wanda ake zaɓa da ƙuri'a? Tun tana goye yake kan kujera. Yanzu ita da abokanta suna neman a gyara kundin tsarin mulkin jiha, kowane sherif ya yi wa'adi biyu ya sauka. Ta roƙe ni in raka ta gaban 'yan majalisa, in zauna a bayanta.

Alhaji, mutumin nan ne ya turo motoci suka buɗe wa gawarka hanya har maƙabarta. Ya zo ta'aziyya, ya cire takalmi a bakin ƙofa ba tare da an ce masa ba. Da wane ido zan kalle shi?

Kuma kai ka ɓata lamarin. Duk Sallah in ya zo filin idi sai ka dunƙule hannu ka ce masa, "Allah ya ja zamani." Kai ɗin dai, wanda in aka ambaci tazarce a labaran gida, har tuwonka kake turewa. Nusaiba ta ce wannan uban take bi. Na ce ni ɗayan na aura.

Kwanaki ba ta ci abincina ba. Na rasa ka, ba zan iya rasa ta ba. Na je.

Ta yi magana da kyau, da irin taurin kanka. Da muka fito, sai ga sherif ɗin a bakin ƙofa, ya tsufa ƙwarai. Ya gane ni, ya dafa ƙirji. Na buɗe baki, addu'arka ta "Allah ya ja zamani" ce kawai ta zo, na haɗiye ta. Ban san gaisuwar da ake yi wa wanda ake so ya sauka ba, ba a koya mana ba. Haka na wuce shi, ni da ban taɓa wuce babba ban gaishe shi ba.

Allah ya haskaka kabarinka, ya shirya mana yarinyar nan. Shi kuma Allah ya saka masa da alheri, tunda bakina ya kasa.

Taka har kullum,
Maman Nusaiba