Takardar Dami Talatin da Shida

Isa, watan Jimada Sani, 1351 (1932)

Zuwa ga Baba Malam Labbo, magatakardan kotun alƙali, Sabon Birni.

Gaisuwa da ban girma daga surukinka Wada. Bayan haka, ban da bakin gode maka. Shekarar da fara ta cinye gonaki, da munka ci bashin gero dami talatin da shida wurin Alhassan mai awo, ni da ɗiyar ƙanwarka Saude, ba mu san za ta kai mu gaban alƙali ba. Ba don ka tsaya anka rubuta muna biya kaka uku ba, goma sha biyu kowace kaka, da gonarmu ta fadama da ke jingina ta tahi.

Sai dai abu guda ya hana ni sakewa: ganin yatsan Saude bisa takardar bashi kusa da nawa. Dami huɗu kowace shekara daga gayaunarta, 'yar gonar da take nomawa da hannunta! Don haka na yi mata saki ɗaya, ba don wani laihi ba, sai don ta hita daga bashin. Na baro Gangara na zo Isa ina dakon audugar kamfani. Za ni biya ni kaɗai, har da haraji.

Allah shi ƙara girma. Haza wassalam.

Wada

Sabon Birni, watan Rajab

Zuwa ga Wada.

Aminci ya tabbata gare ka. Na karanta takardarka sau biyu, don da farko na ɗauka mai rubuta maka ne ya yi kure.

Garin neman gira ka tashi rasa ido. Bashi ba ya bin igiyar aure, wanda ya ci shi yake bi. Saude ta ci da kai, ta dangwala yatsa da saninta, saki dubu ba ya goge shi. Sannan da ka saurara ran da anka karanta takardar, da ka ji sharaɗin ƙarshe. Alhassan ya yarda da kaka uku ne saboda mutum biyu na noma gida ɗaya. In gidan ya rabu, bashin duka ya faɗo rana guda, in babu, fadama tasa ce.

Ban gaya wa kowa ba tukuna. Saki ɗaya ne, muddin idda ba ta cika ba kalma guda ta ishe ka ka mai da matarka, babu sadaki babu ɗaurin aure. In ta cika, ba ni da ikon rufe bakina gaban alƙali.

Niyyarka ta kirki ce, wannan na shaida. Hankalin ne ya yi tafiya. Wassalam.

Labbo

Gangara, goma ga Sha'aban

Zuwa ga Maigida.

Ina gaisuwa. Yara lahiya lau, akuyar nan ta haihu biyu. Malam Yari shi ka rubuta min wagga takarda, na kuwa ce mai duk abin da nic ce shi sa, kada shi gyara.

Kawu ya ce wata guda ke nan da ya aika maka, shiru. Na san ka, kunya ce ta riƙe ka, kana jira sai ka tara abin da za ka shigo da shi. To ka ji. Ina nan ɗakina ban gusa ba, nan shari'a ta ce in zauna. Amma tsarki biyu sun wuce, ina cikin na ukku, kwanakin da sunka rage ba su kai yatsun hannu biyu ba.

Na gode da ka ji tausayina, wallahi na gode, shekara goma sha ɗaya ban taɓa kwana da yunwa kai kana ƙoshe ba. Amma wa ya ce maka nauyi ni ka ji? Geron nan ni na daka shi, rabi munka ci, rabi na dama hura na kai kasuwa. Ran da na dangwala yatsana kusa da naka, daɗi na ji, na ce yau alƙali ma ya san gidanga mu biyu ka riƙe da shi. Shi ne ka tashi gogewa ba ka ko tambaye ni ba. Wannan ya yi min ciwo.

Nawa dami huɗu na ɗaure su. Naka takwas na cikin rumbu inda ka bar su. Ba ni ɗaukar su ni kaɗai.

Allah shi kawo ka lahiya.

Saude

Gangara, goma sha bakwai ga Sha'aban

Zuwa ga Kawu.

Gaisuwa mai yawa. Maigida ya iso jiya da hantsi, ƙahwahu duk sun kumbura. Tun daga zaure ya hwaɗi kalmar mai da ni gaban Malam Yari da liman, ko ruwa bai sha ba. Yau munka kai wa Alhassan goma sha biyunai cif. Allah shi saka maka, Kawu, ka rufa muna asiri sau biyu.

Maigida na roƙon kada sakin nan shi shiga littahin kotu. Ni kuwa ina roƙon a rubuta. Bashi saura kaka biyu, shi ma saura saki biyu ga bakinai, gara shi riƙa tunawa.

Ɗiyarka,
Saude