Likita Yana Ƙauyen Tudu

Yaya Asabe, Limancin Kona,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar Inna? Ki yi haƙuri da rubutuna, na yaƙi da jahilci ne.

Na iso Jamus lafiya, jariri kalau. Mai jegon, 'yata, ce ke ɗan zazzaɓi.

Garin nan a da ƙauye biyu ne, na tudu da na bakin rafi. Hukuma ta haɗe su, ta bar likita ɗaya a tudu, mu kuwa muna rafi. Jiya mijinta ba ya nan, jikinta ya yi zafi, na hau tudun da ƙafa. Ba na jin yarensu. Yaya, 'yar farina ce, don kunya ban taɓa kiran sunanta ba. Jiya a ƙofar likita na yi ta ihu: Maimuna, Maimuna!

Ku sa ta a addu'a.

Ƙanwarki,
Talatu